Darasi na 9: Idan draya ta ɗauke a hannunki

Gobe suna, kin wanke wa ƙanwarki kai, kin kunna draya don gashi ya bushe kafin kitso. Minti uku, sai ta yi tsit. Kada ki yi saurin yafa mayafi ki nufi Kasuwar Dole wurin mai gyara. Sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, numfashi ne ya gagare ta.

Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Akwai ƙaramar fanka mai jan iska ta baya, akwai waya a naɗe wadda ke ɗaukar zafi idan wuta ta bi ta. Iskar da ke ratsa wayar ita ke fitowa da ɗumi, ita ce kuma ke hana wayar ƙonewa. Kusa da wayar an sa wani ɗan ƙarfe mai gadi: zafi ya wuce kima ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya koma yadda yake.

To me ke toshe iska a Damagaram? Duk wadda ta share ɗaki da hunturu ta san amsa. Ƙura ta haɗu da guntayen gashi da man kitso, su liƙe ragar baya kamar an yi mata yaɓe.

Ki fara da zare draya daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. Hannunki ya zama busasshe, bokitin wankin kai ya yi nisa da ke. Ki bar ta ta huce kamar minti 30, sannan ki sami tsohon buroshin haƙori ki goge ragar a hankali. A wasu ragar tana fita idan an murɗa ta. In ta fita, ki leƙa: gashin da ya naɗe a fanka ki tsince shi da hantsaki. Ban da ruwa, ko ɗigo. Ki mayar, ki gwada.

In har yanzu shiru, ki sa cajar salula a wurin da kika jona ta, ki ga ko akwai wuta. Sai ki sake zare ta, ki bi igiyarta da yatsu. Ta fi karyewa a gindin mariƙi, saboda ɗabi'armu ta naɗe igiya tamau a jikin draya. Igiyar da ta zare ko ta narke, canza ta ake yi. Ɗaure ta da leda, kamar yadda na sha gani a gidajen kitso, wasa da rai ne.

Akwai mai gadi na biyu, wato fis, shi kuwa sau ɗaya yake aiki, ya tsinke ke nan. Wannan aikin mai gyara ne. In ya ce zai haɗe wurin da waya kawai don ki rage kashe kuɗi, ki ce masa, "A'a Malam, sabo nake so." Draya marar fis tana iya kama wuta a hannu.

Yanzu ki juya ta, ki nemi lambobin da ke jikinta. Mai harafin W ƙarfinta ne, galibi 1200 zuwa 2200. Mai 2000 tana jan kusan amfiya 9 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ne), shi ya sa siririyar wayar ƙari ke yin zafi, ƙaramin janareto mai 900 kuma ya shaƙe. Mai harafin V, wadda ke nuna irin wutar da drayar ke aiki da ita, ki kula da ita sosai. Wutarmu a Nijar 220 ce. In Yaya ta aiko miki da tsaraba daga Amurka, kika ga 110 ko 125 kaɗai, kada ki jona ta, nan take za ta ƙone.

Ki kwafi lambobin nan biyu a littafinki, ki zo da su aji mako mai zuwa, tare da tsohon buroshi.