Ga masu son ɗaukar hoton tsuntsaye a Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ne lokacin da ya fi dacewa da wannan harka. Ruwa ya fara janyewa, ciyawa na nan shar, hazon hunturu kuma bai sauko ba balle ya dusashe hoto. Gero da dawa sun yi kai, tsuntsaye sun cika gonaki.

Ku yi sammako. Daga ƙarfe 6:30 zuwa 8:30 haske na da taushi. Rana na take tsaka hoton balbela zai fito fari fat, ba a ganin gashinta. Bakin dam ɗin Kubanni a Samaru da fadamun kogin Galma akwai zalɓe da balbela, ga marai da sheƙunansu na reto. Wajen dutsen Kufena kuma a kan dace da fakara da cilakowa. Shamuwa dai tana shirin komawa kudu, wanda bai ɗauke ta yanzu ba sai baɗi.

Ka sa rana a bayanka, ka zauna wuri guda ka yi shiru, tsuntsun zai matso da kansa. Mai kyamara ya sa saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri in tsuntsun na tashi. Mai waya kada ya cika zuƙo hoto da yatsa, lalata shi yake yi.

Farar riga tana korar su, a sa mai duhu. A nemi izinin mai gona kafin a shiga, kuma don Allah a sa takalmi rufaffe, macizai na cikin ciyawa yanzu.