Kwamfutar kan kantar shago ba ta kallon fim ba ce

Sana'ata haɗa kwamfutoci da kyamarori a gidajen abinci da shaguna a nan Kano, kuma yawancin kiran gaggawa da ake yi mini ba na lalacewar inji ba ne. Ko dai an wayi gari manhajar lissafi ta ƙi buɗewa, ko WhatsApp ɗin da ake karɓar oda ya koma hannun wani, ko kuɗi sun fita daga asusu maigida bai san hawa ba bai san sauka ba. In na je dubawa, kusan kullum abu ɗaya nake tararwa: na'urar da ake harkar kuɗi da ita, ita ce kuma ake wasa da ita.

Don haka daga nan za a fara, Alhaji. Kwamfutar da ke fitar da rasit ta tsaya a kan wannan aikin kaɗai. Je ka buɗe ta da kanka bayan la'asar, lokacin da ciniki ya lafa. Za ka ga fina-finai jibge a fuskarta, ga Facebook ɗin kashiya a buɗe, ga wayar wani maƙale a jiki tana caji, ga filashin da aka kai shagon tura waƙoƙi aka dawo da shi. Irin filashin nan ne ke kawo bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar wasu gumaka masu 'yar kibiya a madadinsu, kana dannawa ya ƙara yaɗuwa. Faɗa da yara ba ya magance wannan. A buɗe asusu biyu a Windows, ɗaya mai cikakken iko wanda kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa, ɗaya na ma'aikata wanda ba ya iya saka sabuwar manhaja. Aikin minti goma ne. Sannan a saya musu caja mai baki da yawa a maƙala a bango, don caji ne ke fara kawo su wurin.

Sai maganar Windows ɗin kanta. Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu na hannu ne, kuma har yau ina cin karo da Windows 7 a kan kantar shago, alhali Microsoft ya daina toshe mata ɓaraka tun Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoban 2025, sai dai wanda ya shiga tsarin ƙarin lokaci na musamman. Ko masu sabuwar ma, da yawa sun kashe sabuntawa wai tana cinye data. Na san data da tsada, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ya nemi kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa sallamar marasa lafiya. Tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran, waɗanda ba su saka ba su abin ya ci. Ka ware dare ɗaya a mako bayan an tashi, a bar ta ta sabunta kanta. Manhajar sata da ake loda maka kyauta in ka sayi kwamfuta kuwa, araha ba ta ado, domin ɗan abin da ake fasa kullen manhajar da shi sau da yawa shi ne ɓarawon. Game da rigakafin bairos, Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya isar wa ƙaramin shago in an bar shi a kunne. Ya fi wani mai babban suna da kuɗinsa ya ƙare tun bara.

Abin da zan faɗa yanzu ni ma ya shafe ni, tunda ni ɗan waje ne da ake ba makulli. Mu masu gyara muna son saka AnyDesk ko TeamViewer don mu shiga kwamfutarka daga inda muke, mu huta da kuɗin Adaidaita. Ba laifi, amma wasu na saita ta yadda za su shiga ko da yaushe ba tare da kowa ya amince ba, da kalmar sirri ɗaya ga duk shagunan da suke yi wa aiki. Ranar da aka sace wannan kalmar, an sami shaguna duka. Ta irin wannan ƙofa aka shiga gidajen abincin Wendy's a Amurka, inda a 2016 kamfanin ya bayyana cewa rassa sama da 1,000 abin ya taɓa, aka kwashe bayanan katin masu saye. Shagunan Target ma a 2013 ta hannun kamfanin da ke kula musu da na'urorin sanyaya ɗaki aka bi, aka kwashe bayanan kati wajen miliyan 40. To ka tambayi mai gyaranka kai tsaye: "Malam, kana iya shiga ba da sanina ba?" In ya ce e, ya kashe a gabanka. Duk ranar da zai shiga, wani na zaune ya danna amincewa yana kallon abin da yake yi. In kuma baƙuwar lamba ta kira tana cewa daga kamfanin manhaja ne, a karanto mata lambar da ke kan allo, a kashe wayar a kira lambar da aka sani.

Wi-Fi ba sai na ja ba. Kalmar da aka rubuta a kwali aka manna wa kwastomomi kada ta zama ita ce kwamfutar rasit ke kai. Yawancin rawutoci, wato na'urorin da ke raba Wi-Fi, suna da layin baƙi daban, kunna shi kawai ake yi. A canza kalmar shiga saitin rawutar daga wadda ta zo da ita, haka ma akwatin kyamarori, wanda sau tari nake samunsa a kan 12345 yadda ya fito daga kwali.

Inda asarar ta fi yawa a wurinmu kuwa ba a kwamfuta ba ne, a waya ne. Layin da ke karɓar alat da lambobin tabbatarwa na banki shi ne makullin komai, amma sai ka gan shi cikin wayar da ke yawo tsakanin kanta da kicin da mai kai abinci a babur. A raba. Layin banki na hannun maigida ko Hajiya, layin oda na shago. Kuma a sa wa sim ɗin lambar sirri tasa, ba kullen fuskar waya kaɗai ba, domin ɓarawo zare sim yake yi ya sa a ƙaramar waya ya fara danna lambobin banki. A nemo lambar PUK, wadda ake buɗe sim da ita in ya kulle, a ajiye kafin a fara, saboda kuskure uku yana kulle layin.

WhatsApp ɗin oda kuma ga yadda ake ƙwace shi. Wani zai kira da sallama da ladabi, ya san sunan gidan abincin, ya ce daga ƙungiyar masu sana'a yake, akwai taro ta intanet da daddare, an turo lamba shida ta shiga taron, a karanto masa. Lambar nan ta yin rajistar WhatsApp ɗinka ce a wayarsa. Kafin magariba ya bi kwastomominka ɗaya bayan ɗaya da sabuwar lambar asusu. Maganinsa yana cikin saitin WhatsApp, wurin tabbatarwa mai mataki biyu: ka sa taka lambar shida, ka haɗa da imel. A yi irin wannan wa Instagram da Facebook da imel ɗin shagon. Sannan a gaya wa kowane yaro, har sabon da aka ɗauka jiya, cewa duk lambar da ta shigo waya ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake ya kuma faɗi ranar haihuwar maigida daidai. Banki ba ya tambayar lambar katinka ta sirri ko wadda ya turo maka.

Alat na bogi kowa ya san shi, amma ana ta faɗawa saboda kunya. Mutum ya ci ya sha, ya nuna hoton tiransifa a wayarsa, layi ya yi tsawo, kashiya ta ji nauyin tsayar da babban mutum. Ka ɗauke mata nauyin. Rubuta a allo cewa sai kuɗi sun bayyana a manhajar banki ko a na'urar POS, ta yadda za ta ce dokar gida ce. Saƙon tes ba hujja ba ne, ana ƙirƙirarsa. Haka in dilan shinkafa ko mai kawo kaji ya turo saƙo cewa ya canza asusu, a kira shi a ji muryarsa kafin a tura ko sisi. Wataƙila shi ma an ƙwace nasa WhatsApp ɗin.

Ma'aikaci in ya bar aiki, ko da an rabu da daɗi, ranar a canza duk kalmar da ya sani. Shi ya sa nake matsa wa masu gida kowane kashiya ya sami nasa sunan shiga a manhajar ciniki. In uku suna amfani da ɗaya, ranar da aka soke rasit ɗin naira 40,000 ba wanda za ka iya kamawa, sai rantse-rantse.

Kwafin ajiya kuma a riƙa yinsa duk dare ko aƙalla duk Juma'a, a faifai na waje da za a zare a tafi da shi gida. In ya kwana a jikin kwamfutar, bairos mai neman fansa zai kulle su tare. Lokaci-lokaci a gwada buɗe kwafin a wata kwamfuta, don na sha karɓar faifan da aka daɗe ana dogaro da shi na tarar ba komai ciki.

In abin ya riga ya faru, a zare wayar intanet a kashe Wi-Fi, amma kada a yi gaggawar goge kwamfutar, shaidar tana ciki. A kira banki nan take a rufe asusu da kati, sannan a je reshe a rubuta ƙorafi a karɓi lambarsa. A sanar da kwastomomi ta wata hanya cewa kada su tura kuɗi. A kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC da hotunan saƙonnin da lambar asusun da aka tura wa. In kuma sunaye da lambobi da adireshin kwastomomi sun fita ta yadda za a iya cutar da su, dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 da ganowa.