Kurakuran da ke hana kwamfutocin ofis shiga foldar sabar

Da zarar foldar da ke kan sabar (kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis) ta ƙi buɗuwa, sai a ɗora wa wayar netwok laifi, a shiga sauya ta. Ba kasafai laifin ke nan ba. A ƙananan ofisoshi da makarantun kuɗi na cikin Katsina, sau da yawa matsalar ita ce adireshin sabar da ke canjawa. An ɗauke wuta, an tada janareta, rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis) ta sake raba adireshi ta DHCP, tsarin da ke raba su kai tsaye: sabar da jiya take 192.168.1.105 yau ta koma .112, kwamfutoci kuwa na can suna ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. A ba sabar adireshi na dindindin a wajen zangon da rauta ke rabawa. In tana rabawa daga .100 zuwa .200, a sa ta a .10.

Idan Windows ta ɗauki netwok ɗin ofis a matsayin Public, bangon tsaronta zai toshe raba fayil. A mayar da shi Private, sannan a gwada ko ana isa tashar 445, wadda raba fayil ke bi, a PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows: Test-NetConnection 192.168.1.10 -Port 445.

Kuskuren da ya fi muni shi ne kunna SMB1, tsohon tsarin raba fayil na Windows, don kawai tsohuwar na'urar fotokwafi ta riƙa tura takardu cikin folda. Ta wannan kafar muguwar manhajar WannaCry mai kulle fayiloli ta bazu a watan Mayu 2017, kuma tun sigar 1709 Windows 10 ta fara daina zuwa da shi idan aka girka ta sabuwa. A sabunta manhajar na'urar, in ba ta iya SMB2, sabon tsarin, ta tura ta imel. Haka kuma tashar 445 ba a buɗe ta ga intanet, ko da mai ofis yana son ganin lissafi daga Daura. VPN, wato amintacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis daga nesa, ake haɗa masa.

Izini kuma hawa biyu ne: na shafin Sharing da na Security. Wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Za ka ba akawu damar rubutu a ɗaya, ɗayan na kan karatu kawai, ya yi ta kawo ƙara fayil ya ƙi ajiyuwa.

Inda ake da domen, wato sabar ɗaya ke tantance masu shiga duk kwamfutocin ofis, a duba agogo. Kerberos, tsarin da ke wannan tantancewa, ba ya lamuntar bambancin lokacin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da sabar, sai a ƙi karɓar mutum alhali kalmar sirrinsa daidai take. In kwamfuta tana tashi da tsohuwar kwanan wata kowace safiya, batirin CR2032 na kan babban allon cikinta (motherboard) ne ya mutu.