Yadda za ka san ko atrazin ya gama mutuwa a gonarka kafin ka saka wake

Toh manoma, duk wanda ya yi wa masara ko dawa feshin atrazin, maganin kashe ciyawa, ya san maganin nan ba ya tashi da wuri, shi ya sa wani zai shuka wake ko waken suya a bayansa ya ga ganye na yin ɗorawa daga gefe-gefe yana ƙonewa, sai ya ɗora wa iri laifi.

Masu cinye atrazin ɗin dai ƙwayoyin bakteriya ne da ke cikin ƙasa. Akwai wata mai suna Pseudomonas ADP da masana a Minnesota ta Amurka suka bayyana a 1995, tana da wani sinadari da suke kira enzayim, AtzA, aikinsa ya cire kulorin ɗin da ke jikin atrazin, da ya cire shikenan dafin ya karye ba ya iya kashe tsiro kuma, sauran 'yan uwansa AtzB da AtzC da na bayansu su yi ta gutsurar abin har ya koma amoniya da iska. Wato abinci ne a wurin ƙwayoyin bakteriyar, naitirojin suke nema, sinadarin nan da ke cikin takin yuriya.

To kai naka shi ne kar ka hana su aiki. Suna son danshi da ɗumi, busasshiyar ƙasar rani kusan barci suke yi a ciki, don haka kar ka ƙirga watannin rani kamar na damina, in fadama ce ka ba ta ruwa. Zuba takin gargajiya da ya ruɓe ka yi huɗa. Yuriya kuma kar ka cika hannu, in suka samu naitirojin a sama-sama wa zai wahala da atrazin?

Gwajin kuwa wlh ba ya cin ko sisi. Ɗebo ƙasa daga wurare da dama a gonar, musamman bakin kunya inda mai feshi yake juyawa don nan ya fi zuba, ka sa a roba. Wata robar ka sa ƙasar da ba a taɓa fesawa ba. Shuka wake a duka biyun, ka ajiye a rana kana ban ruwa. Kar ka yi murna don ya tsiro, atrazin ba ya hana tsira, sai ganye ya buɗe ya fara shan rana yake kama shi, ka jira sati 3. In na gonar ya yi ɗorawa ɗayan yana kore shar, bana maimaita masara ko dawa a wurin.