Yadda Ake Tafiya Gana ta Mota da Ƙaramin Guzuri, a Sauka a Gidan Mutane

Babu abin da ke cinye guzurin matafiyi kamar kuɗin masauki, domin kuɗin mota sau ɗaya ake biyansa a kowane zango, shi kuwa kuɗin ɗaki kullum rana ta faɗi sai an sake ƙirga shi. Saboda haka wanda yake son ganin Kwatano da Lome da Akra da Kumasi alhali aljihunsa ba shi da nauyi, abin da ya kamata ya fara nema tun kafin tikitin mota shi ne mutumin da zai sauke shi. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su san otal ba. A gidan fatoma suke sauka a Salaga da sauran kasuwanni, shi ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu idan magana ta taso. Unguwannin da ake kira zango a biranen Benin da Togo da Gana daga wannan tsari suka samo asali, kuma har yau ana jin Hausa a cikinsu.

Da farko ka gyara takardunka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, amma wannan bai ɗauke maka riƙe fasfo ko wata ingantacciyar takardar tafiya mai sauran wa'adi ba. Ka haɗa da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake tambaya a kan iyaka, kuma ka yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi, saboda sai bayan nan katin yake fara aiki. Mai riƙe da takardun Nijar ya tuna cewa ƙasar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka ya bincika halin da ake ciki kafin ya ɗaura kaya. Ka ɗauki hoton fasfo da katin a wayarka, ka kuma bar kwafinsu a gida.

Daga Legas zuwa Akra tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, sai dai iyaka uku ce a tsakani: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflawo tsakanin Togo da Gana, da ke manne da birnin Lome. Babbar motar da ke zuwa kai tsaye ta fi sauƙin sha'ani ga wanda bai taɓa bin hanyar ba, amma yankar tafiyar gari gari a ƙananan motoci ya fi arha, kuma shi ne ke ba ka damar kwana a Kwatano ko Lome. Ka isa kowace iyaka da rana, ka miƙa fasfonka da hannunka, ka duba da idonka cewa an buga hatimin fita da na shiga, domin rashin hatimi ɗaya na iya zame maka ciwon kai a dawowa. Kada ka canza duk kuɗinka wuri guda. Sefa ɗaya ce ke aiki a Benin da Togo, a Gana kuma sidi ake kashewa, kuma 'yan canjin cikin gari sukan fi na bakin iyaka sauƙin farashi. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

Mai masauki nagari ta hanyar sani ake samunsa. Ka fara da mutanen da ke kusa da kai: ɗan kasuwar da ke sayen kaya a Kwatano, direban da ke lodin Kumasi, malamin da ɗalibinsa ya koma unguwar Nima ko Madina a Akra, ko wata gwaggo da 'yarta ke aure a Sabon Zango na Akra. Idan an samo maka mutum, ka roƙi wanda ya san shi ya fara kiransa da bakinsa, sannan kai ka biyo baya. Wannan kiran na farko ya fi duk wata takarda da za ka riƙa, saboda mai gidan zai karɓe ka ne da darajar wanda ya turo ka, kai ma ka san cewa duk abin da ka aikata a gidan labarinsa zai koma gida. Idan ka kira, bayan gaisuwa ka faɗi magana a fili, kamar ka ce: "Baba, ni ne wanda Alhaji ya yi maka maganarsa, ina so in iso ranar Laraba da yamma, in yi kwana uku, kuma ni kaɗai ne." Rashin faɗin ranar tafiya shi ne babban abin da ke sa masu gida jin nauyin baƙo, ko da kunya ta hana su tambaya.

Wanda bai sami kowa ba yana iya zuwa babban masallacin zango ko gidan Sarkin Zango ya gabatar da kansa, amma a ganina wannan mafita ce ta wanda dare ya yi wa, bai kamata mutum ya baro gida da niyyar dogara da ita ba. Akwai kuma shafukan intanet irin su Couchsurfing, wanda ya fara aiki a 2004 kuma ya soma karɓar kuɗin rajista daga masu amfani da shi a ƙasashe da dama tun 2020, da BeWelcome wanda kyauta ne. A can shaidar da baƙin baya suka rubuta a kan mai gida ita ce ke maye gurbin kiran Alhaji, don haka ka karanta ta da kyau, ka guji wanda babu mai shaidarsa, ka kuma nemi ku fara haɗuwa a bainar jama'a. Mace mai tafiya ta nemi gidan da akwai uwargida a ciki, ta yi magana da ita kanta a waya kafin ta tashi. Kowa kuma ya ware kuɗin kwana biyu na ƙaramin otal wanda ba ya taɓawa, domin ya iya fita cikin mutunci idan gidan bai kwanta masa ba.

Zaman gidan shi ne inda ake gane matafiyi. Ka shiga da tsaraba, kuma ba sai mai tsada ba: kilishi, dabino, turare, ko hula ɗinkin hannu duk suna da kwarjini a can. Haƙƙin baƙunci a Musulunci kwana uku ne, abin da ya wuce nan sadaka ce daga mai gida, saboda haka idan za ka daɗe ka sa hannu a cefane, kuma ya fi kyau ka sayo shinkafa ko mai ko kifi ka kawo a kan ka miƙa tsabar kuɗi, wanda dattijo zai iya ɗauka a matsayin raini. Ɗakuna a Nima da Aboabo ta Kumasi ƙanana ne, mai yiwuwa wani yaro aka tayar domin kai, ruwa kuma sau da yawa saye ake yi, don haka ka yi tattalinsa. Ka tambayi lokacin da ake rufe ƙofa, kada ka kawo wani baƙon, kada ka ɗauki hoton iyali sai da izini. Hausarsu ta bambanta da ta Kano ko Damagaram, musamman wajen jinsin kalmomi, kuma gyara wa mai masaukinka magana rashin ta ido ne.

Abinci ba zai ba ka wahala ba, domin rabinsa sunan gida yake ɗauke da shi: koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da suke kira wace, da tuwo zafi da dare. Ka ci inda mutanen unguwa ke layi, ka hau ƙaramar bas ɗin haya da ake kira tarotaro a Akra, a Kwatano kuma ka hau babur ɗin da ake kira zemijan bayan kun gama ciniki.

Abokan tafiya a tasha da cikin mota ake fara samunsu, kuma 'yan kasuwar da ke bin hanyar kowane wata sun fi kowa sanin kuɗin mota na gaskiya. Idan kana son haɗuwa da matafiya daga nahiyoyi masu nisa, ka ware dare ɗaya ko biyu a masaukin haɗaka, inda ake biyan kuɗin gado maimakon ɗaki, a unguwar Osu ta Akra ko a garin Kef Kos, kusa da tsohon ginin Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi. A irin wuraren nan mutum uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota ɗaya, kowa ya sami rangwame. Sai dai komai daɗin hira, kada ka karɓi ƙunshin wani ka tsallaka iyaka da shi, kuma kada fasfonka ya kwana a jakar da ba a jikinka take ba.

Idan ranar tafiya ta matso, ka sanar da mai gida tun da kwana ɗaya, ka yi sallama da uwargida da maƙwabtan da ka gaisa da su, ka ba yara ɗan abin sayen alewa, ka tambaya ko akwai saƙon baki da za ka kai gida. Da ka isa, ka kira ka ce ka sauka lafiya, sannan ka je wurin wanda ya haɗa ku ka yi masa godiya da tsarabar goron Kumasi.