Yadda ake raya tsohuwar kwamfuta da Linux Mint

Ɗan yayata mai karatu a Jami'ar André Salifou ya kawo mini kwamfutarsa a cikin leda wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. HP ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kano ko ta Kwatano. "Kawu, ta mutu," in ji shi. "Sai in kunna ta, in je in yi alwala in dawo, ba ta gama buɗewa ba. Mai gyara ya ce in nemi wata." Da na duba, lafiyarta lau, kaya ne aka ɗora mata fiye da ƙarfinta: Windows da aka fasa, da antibirus biyu masu faɗa da juna, da tarkacen da ya kwaso a shagunan fotokwafi. Na sa mata Linux Mint, washegari da yamma ya ɗauke ta yana buga aikinsa na makaranta a kai, ko dala bai kashe wa sabon ƙarfe ba.

Irin wannan na'ura ta cika gidaje da ofisoshi a Damagaram, kuma lamarin ya ƙara tsananta. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa, sai ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa yana neman wani ɗan ƙarfen tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, galibin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba ya karɓarsu. Ina ganin bai dace a ce wani kamfani a Amurka ne zai yanke wa ɗalibi a Garin Malam ranar da kwamfutarsa za ta zama shara ba, alhali tana kunnuwa.

Linux shi ne mafita, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, aka haɗa shi da GNU, aikin samar da manhajoji masu ƴanci da Richard Stallman ya soma a 1983. Lasisinsa ya ba kowa izinin ya yi amfani da shi, ya karanta yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya kwafa ya ba wani. Kamar rijiyar waƙafi ce: ka ɗiba, ka shayar da maƙwabci, kuma in igiya ta tsinke kana da ikon ɗaurawa. Wannan batu na izini ba ƙarami ba ne a wurina. Na san mutane masu taka-tsantsan a kan halal da haram a cinikinsu, amma manhajar da suke lissafin shago da ita ta sata ce, don ba wanda ya taɓa gaya musu akwai wadda masu ita suka bayar da yardarsu. Linux iri-iri ne. Na zaɓi Linux Mint, wanda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006, domin fuskarsa ta yi kama da ta Windows, kuma yana jin Faransanci sosai.

Fara da sanin ƙarfin na'urarka

A kan Windows, danna "Ce PC" da maɓallin dama, ka zaɓi "Propriétés". Abu biyu za ka duba: yawan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, da ko injin na 64 bit ne. Mint yana tashi da RAM giga 2, amma giga 4 ne ake jin daɗinsa, kuma yana son aƙalla giga 20 a diski. Na yanzu ba ya hawa injin 32 bit. Wanda tasa ta tsufa har haka, ya nemi antiX. Mint kala uku ne: Cinnamon, MATE da Xfce. In RAM ɗinka giga 4 ne ko ƙasa, ɗauki Xfce, shi ne mara nauyi.

Tun da ka zo nan, kashe na'urar ka dubi ramukan iska na gefe da na ƙasa. Ƙurar hunturu takan toshe su har fanka ta kasa numfashi, injin ya yi zafi ya rage gudu da kansa. A hure su da kyau.

Kwashe kayanka kafin komai

Nan ne zan daɗe, domin nan ake kuka. Sanya Linux a kan diski gaba ɗaya yana share duk abin da ke ciki, kuma ba ya dawowa.

Shekarun baya na yi wa wata gwaggona wannan aiki. Na tambaye ta ko akwai abin da take so a ciki, ta ce ba komai sai waƙoƙi. Na yarda ban duba ba. Bayan mako biyu ta aiko a tambaye ni hotunan bikin ɗiyarta, waɗanda mai hoto ya zuba mata a wani dosiye da ita kanta ba ta san wurinsa ba. Mai hoton ya riga ya goge nasa. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai, kuma tun daga ranar ban ƙara karɓar "ba komai" daga bakin kowa ba.

Saboda haka ka samu diski na waje ko babban kile USB, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke kira filash, ka bi dosiye ɗaya bayan ɗaya: Bureau, Documents, Images, Vidéos, Téléchargements. Kada ka manta da ɓangaren D, inda masu gyara suka saba ajiye wa mutane kaya. Rubuta kalmomin sirrin imel da Facebook a takarda, don da yawa sun bar wa burauza ta riƙe musu, su kuwa sun manta. In ka gama kwafa, kai diskin wata kwamfuta ka buɗe fayil biyar ko shida, ka gani da idonka suna buɗewa.

In na'urar ta hannu ce, wataƙila ka tarar da takardu da hotunan mai ita na farko. Ba naka ba ne, kada ka kwafa, kada ka yaɗa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma ko ba doka, sirrin mutum amana ne. Haka kuma in za ka kai taka wurin mai gyara, ka zauna a yi aikin a gabanka.

Sauko da Mint, ka zuba shi a kile

Je shafin linuxmint.com kai tsaye, kada ka ɗauko daga wani wuri. Jerin 22, wanda ya fara fitowa a 2024, za a ci gaba da kula da shi har 2029. Fayil ɗin ya kusan giga 3, don haka a jira forfe na dare ko a je inda akwai wifi mai ƙarfi. Sau ɗaya ake wannan wahala: mutum guda ya sauko da shi, unguwa duka ta kwafa, kuma lasisi ya yarda.

Intanet ɗinmu takan yanke a tsakiya, fayil ya zo da rauni ba ka sani ba. Shafin yana ba da wata doguwar lamba mai suna SHA256. Buɗe "Invite de commandes" a dosiyen da fayil ɗin yake, ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. In lambar da ta fito ta yi daidai da ta shafin, kayanka cikakke ne.

Sai ka nemi kile na giga 8 wanda ba komai a ciki, domin za a share shi. Jefa fayil ɗin cikin kile kawai ba ya aiki, sai an rubuta shi da manhaja irin su Rufus ko balenaEtcher. Zaɓi fayil, zaɓi kile, danna, jira. Ka cire duk wani diski na waje kafin nan, kada hannu ya kuskure a share wanda ka tara kayanka a ciki.

Ɗanɗana kafin ka saya

Kashe na'urar, soka kilen, kunna, nan take ka riƙa danna maɓallin zaɓin inda za ta tashi. A HP F9 ne, a Dell da galibin Lenovo da Acer F12 ne, a Asus sau da yawa Esc. In Windows ya riga ka, kashe ka sake. In ta ƙi ganin kilen sam, shiga BIOS, wato saitunan da na'urar ke tashi da su kafin Windows, ka kashe "Secure Boot".

Mint zai buɗe daga kan kilen ba tare da ya taɓa diskinka ba. Ko a Kasuwar Dole ba a sayen atamfa a duhu, to yi amfani da wannan dama. Haɗa wifi. Kunna sauti. Gwada kyamara. Jona firinta ka fitar da shafi guda. Na HP galibi suna aiki nan take, wasu ƙananan Canon irin LBP 2900 kuwa sai an sha fama. Buɗe takardunka na Word da Excel a cikin LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ke zuwa tare da Mint, ka ga yadda suka zauna. Zai ɗan yi nauyi domin daga kile yake gudu, wannan ba laifi ba ne.

A nan ne kuma za ka yi wa kanka gaskiya. Wanda abincinsa ke kan Photoshop ko CorelDRAW ko AutoCAD, ko mai gyaran waya da ke aiki da manhajojin filashin na Windows, kada ya share Windows. Akwai GIMP da Inkscape, suna aiki da kyau, amma sai an koya, kuma ba a koyon sabon kayan aiki ranar da mai kaya ke tsaye yana jiran katin biki. Irin wannan mutum ya sa su biyun gefe da gefe. Amma malamin lakwal, da ɗalibi, da sakatare, da mai shago, waɗanda aikinsu rubutu ne da lissafi da intanet da kallo, ba abin da za su rasa. Jandarmomin Faransa sun shekara fiye da goma suna aiki da Linux a dubban kwamfutocinsu.

Sanyawa

Zaɓi lokacin da kuran ya fi zama, musamman in batirin ya mutu kamar na yawancin tsofaffin na'urori. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ba abin da zai ƙone, sai dai a sake daga farko.

Danna alamar sanyawa da ke kan allo. Zaɓi harshe, sannan tsarin madannai: in harafin farko na layin sama A ne, AZERTY ne, ɗauki na Faransa, in Q ne, kamar waɗanda suka biyo ta Kano, ɗauki na Ingilishi. Gwada a ɗan akwatin da ke ƙasa, domin kuskure a nan yakan sa mutum ya kasa shigar da kalmar sirrinsa daga baya. Sa alama a kan "Installer les codecs multimédia" don bidiyo ya yi.

Sai tambaya mai nauyi. "Effacer le disque" yana share komai ya bar Mint shi kaɗai. "Installer à côté de Windows" yana barin su biyun, ka riƙa zaɓa duk lokacin da ka kunna. In diskin ƙarami ne kuma ka tabbatar da kwafinka, share. Zaɓi Yamai a taswira don agogo, sa suna da kalmar sirri. Akwai zaɓin rufe dosiyenka da makulli, "Chiffrer mon dossier personnel", wanda ke hana ɓarawo karanta takardunka ko ya cire diskin. Yana da kyau ga ɗan jarida ko mai riƙe bayanan mutane, sai dai in ka manta kalmar sirrin, ba mai buɗe maka. Cikin rabin awa ko ƙasa aiki ya ƙare, ta ce ka cire kile ka danna Entrée.

Ranar farko

Buɗe "Gestionnaire de mises à jour" ka bar shi ya sabunta komai, shi ma da forfe na dare. In wifi bai fito ba, jona wayarka da kwamfutar ta igiyar caji, kunna raba intanet ta USB, sannan ka buɗe "Gestionnaire de pilotes" ya nemo abin da ya rage. Kunna Timeshift, wanda ke ajiye hoton tsarin don komawa baya in wani abu ya ɓaci. Ka sani tsarin yake karewa, takardunka kuwa sai ka ci gaba da kwafa su da kanka. Sabuwar manhaja daga "Logithèque" ake ɗaukowa, an daina yawon neman ta a shafukan da ba a sani ba. Ɗauko VLC, manhajar kallon bidiyo, daga can. Ɗauko Kiwix ma, wanda ke ba ka damar ajiye Wikipedia ta Hausa ko ta Faransanci a diski, yara su karanta ba intanet.

A LibreOffice, in za ka aika wa mai Word takarda, ajiye ta a matsayin docx; in bugawa kawai za a yi, mai da ita PDF, shafukanka ba za su motsa ba a shagon fotokwafi.

Tun da kundin ƙasa na 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata mu riƙa rubuta ta da haruffanta masu lanƙwasa, kada ƙofa ta koma kofa. Akwai tsarin madannai na Hausa a cikin saituna, amma an gina shi a kan QWERTY, yana rikita wanda ya saba da AZERTY. Dabara mai sauƙi a LibreOffice ita ce ka rubuta lambar harafin ka danna Alt da X tare: 0199 ya ba ka ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ, 01B4 ya ba ka ƴ. Yi haka sau ɗaya, sannan ka shigar da su cikin gyaran kai-tsaye na "AutoCorrection", ka ba kowanne gajeriyar alama.

Abu na ƙarshe da ɗan yayata ya fi murna da shi: birus ɗin nan da ke mai da fayiloli "raccourci" a kile, ya ɓoye na gaskiya. A kan Linux ba ya tashi. Soka kilen da ya kamu, za ka ga takardun da aka ɗauka sun ɓace suna nan zaune, wani lokaci a cikin dosiye mara suna. Kwashe su gefe, share kilen gaba ɗaya, sannan ka mayar da takardun kaɗai, ban da duk wani fayil mai ƙarewa da lnk, vbs ko exe da ba kai ka sa shi ba.