Idan Likita Ya Hana Ka Maganin Fargaba a Saudiyya

Shekara uku na yi ina sayen diazepam, ƙwayar kwantar da fargaba, a kemis ɗin unguwarmu a Kano, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Da ragowar ƙwayoyin na sauka Jidda, Allah ne kawai ya rufa asiri. Daga baya na gane cewa a nan diazepam, Xanax, Lyrica da tramadol duk doka ta tsaurara a kansu, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya tana so mai shigowa da su ya riƙo takardar likita da rahoton ciwonsa, kada kuma ya wuce na wata guda. Mai shirin tahowa, don Allah ka nemi takardun nan tun daga gida.

Da nawa suka ƙare na je wani asibiti. Likitan ya ƙi rubuta mini yadda nake so, ya ce zai ɗora ni kan wani maganin daban mai suna sertraline. Na fito raina a ɓace, ina ganin ya raina ni ne don ni baƙo ne. Daren nan ban runtsa ba, hannuna na karkarwa, gabana na dukan uku-uku har aka kira sallar asuba.

Laifin na mu biyu ne. Ni na ɓoye masa cewa kullum nake shan diazepam, saboda kunya da tsoron kada maganar ta kai ga kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana da aikina a ƙasar. Shi kuma bai tsaya ya tambaya ba. Irin wannan ƙwaya jiki na sabawa da ita, kuma yanke ta farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ya sa ake rage ta sannu a hankali. Sertraline kuwa yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ka ji daɗinsa sosai, wani ma fargabarsa kan ɗan ƙaru a kwanakin farko. Da an faɗa mini haka, da ban yi fushi ba.

Ɗan'uwa, ka faɗi gaskiya: sunan maganin, guda nawa kake sha, tun yaushe. Ka tafi da kwalinsa ko da babu komai a ciki. In Larabcinka bai nuna ba, ka je da wanda ka yarda da shi ya yi maka tafinta. Ka tambayi dalilin canjin, ka nemi a rubuta maka tsarin ragewa. In har ba ku daidaita ba, kana da damar ganin wani likitan ƙwaƙwalwa, kamar yadda na yi, ko ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne karɓar ƙwaya a hannun maƙwabci ko abokin ɗaki, komai kyan niyyarsa. In aka same ka da ita babu takarda, maganar ta bar hannun likita ta koma hannun 'yan sanda, igamarka (takardar izinin zamanka) da aikinka duk suna cikin haɗari.